Rami na Goma Sha Bakwai

Nafisa, Mustafa, Halima, da ke Zainab da ba a haife ki ba a lokacin, wannan babin naku ne fiye da sauran. Na sha jin ku kuna ba 'ya'yanku labarin yadda muka bar Unguwar Dosa muka koma Kinkinau, kuma kullum labarin yana ƙarewa da cewa an zalunci Baba don ya faɗi gaskiya. Ranar sunan ɗansa na fari na ji Mustafa yana faɗa wa surukansa haka, har da ƙarin gishiri. Ban katse shi ba, domin ba a gyara wa magidanci zance a gaban surukansa. Yanzu zan gyara. Ba a zalunce ni ba. Ga yadda abin ya faru daki-daki, kuma ina so kowa ya karanta har ƙarshe kafin ya ce uffan.

A wancan lokacin ina aiki a wani kamfanin safiyo da zanen gine-gine a Doka, bene mai hawa uku. Ba zan ambaci sunansa ba, don ba shi da laifi a wannan magana. Injiniya suke kirana, amma ni ba injiniya ba ne. Makarantar koyon sana'a na yi, na fara da jan wayar tarho a kan tsani, da kwamfuta ta shigo ofisoshi kuma na koyi jan tata wayar a hannun waɗanda suka iya. Turancina na karatu ne a hankali, yatsa a kan layi. Abin da ya riƙe ni a wurin shekara tara shi ne tsari. Duk wayar da na ja tana da lamba a kai, tana da lamba a gindi, kuma kowace lamba tana cikin wani baƙin littafi da nake ajiyewa a aljihun tebur. In kwamfutar wani ta daina aiki a hawa na uku, kafin ya gama ƙorafi na gaya masa ta inda wayarsa ta bi. Har cewa suke Malam Iro ba ya kuskuren lamba. Ina jin daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata.

Dole in bayyana muku na'ura ɗaya, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. A ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala akwai wani akwatin ƙarfe da muke kira suwic, bai fi tiren abinci girma ba. Yana da ramuka ashirin da huɗu a gaba, a jere, kowanne da lambarsa a rubuce. Wayar kowace kwamfuta a ginin tana zuwa ta shiga rami ɗaya, kuma duk abin da kwamfutar ta aika ko ta karɓa, ta raminta yake bi. Suwic ɗin yana ƙirga yawan abin da ya wuce ta kowane rami. Bai san mene ne ya wuce ba, bai san ina ya nufa ba. Kamar mutum ne a ƙofar kasuwa yana ƙirga buhuna, bai kwance bakin ko ɗaya ba. A kwamfutata akwai wata manhaja da ke tambayarsa duk bayan minti biyar, ta zana amsar a layi: in aiki ya yi yawa layin ya hau, in babu ya kwanta. Ni na rubuta sunan mai kowane layi da hannuna, na raba su shafi biyu, na mutane daban, na na'urori daban. Tambayoyin da suwic zai iya amsawa kuwa a ƙayyade suke. Masu ƙera shi sun jera su a ƙarshen littafin da ya zo da shi, 'yan sana'armu suna kiran jerin nan mib. Bayan jerin akwai wani guntun shafi da ya lissafa abubuwan da na'urar ba ta iya ba, da waɗanda take yi ba yadda mutum zai zata ba. Jerin farko na karanta shi har na haddace. Guntun shafin ban karanta ba, don a ganina ana sayen kaya ne saboda abin da suke yi.

A farkon daminar shekarar kamfanin ya buɗe reshe a Malali. Aka kawo wani injiniya na gaske daga Legas ya haɗa ofisoshin biyu. Ya cusa wani ƙaramin allo mai ramuka biyu a bayan suwic ɗin, ya kashe shi, ya kunna. Sannan ya saita babbar kwamfutar ajiya, wadda ke rami na goma sha biyar, ta riƙa tura kwafin dukkan zane-zanenmu zuwa reshen duk ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya da rabi, lokacin da ofis ya watse. Ya faɗa mini haka yana ɗaure jakarsa, ni kuma na rubuta a baƙin littafi, a sashen na'urori. Ku riƙe wannan. An faɗa mini, kuma na rubuta.

Ranar Talatar makon da ya biyo baya Darakta ya kira ni ofishinsa. Wani kamfani da muke takara da shi ya gabatar da zanen wani rukunin gidaje da ya yi kama da namu kamar an tsaga kara. Namu ranar Alhamis aka gama shi, ranar Litinin kuwa nasu yana kan teburin mai aikin. Darakta ya yi lissafinsa ya tsaya a kan Juma'a.

"Injiniya, na'urar nan taka tana gani ko ba ta gani?"

"Ƙirgawa take yi, ranka ya daɗe."

"To ƙirgo mini. Ina son in san teburin wa abin ya fita."

Tunda teburin mutum ya tambaya, shafin mutane na buɗe. Duk layukan ranar Juma'a a kwance suke daga ƙarfe ɗaya, sai guda ɗaya. Layi na goma sha bakwai ya tashi kamar dutse daga ɗaya da rabi har wajen biyu da kwata. Sunan da ke kansa shi ne Sabi'u. Ban buɗe shafin na'urori ba. Ban buɗe baƙin littafi ba.

Sabi'u mai zane ne a hawa na biyu, magidanci mai 'ya'ya uku, ba shi da yawan magana. Asalinsu Katsinawa ne. Mahaifinsa shi ne Malam Ɗahiru na layinmu a Unguwar Dosa, wanda ke Nafisa da kai Mustafa kuka fara karatun allo a zaurensa. Abin da ya ƙara ɗaure Sabi'u shi ne masallacin da yake zuwa sai biyu da rabi suke tayar da sallah, don haka duk Juma'a shi kaɗai ake bari a ofis bayan mun tafi. Kowa ya san haka. Aka kira shi, mu uku a ɗaki. Darakta ya juya masa takardar da na buga, ya ɗora yatsa a kan tudun.

"Wallahi, ranka ya daɗe, ina zaune ne ina yanke farce. Ko kwamfutar ban taɓa ba."

"Farcen ne ya yi wannan tudun?"

Sabi'u ya ɗaga kai daga takardar. Ni ya juyo ya kalla.

"Malam Iro, na'urar ce ta ce ni ne, ko kai ne ka ce?"

"Lamba ce ta ce. Ni karantawa na yi."

"Ta ce zanen ne ya fita?"

"Ta ce abu mai yawa ya fita ta raminka."

Na san sarai na'urar ba ta san zane daga wasiƙa ba, amma ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Na sa hannu a rahoton. Kafin la'asar Sabi'u ya kwashe kayansa a leda. Ba a kira 'yan sanda ba, sai dai kamfanonin safiyo a Kaduna ba su da yawa, kuma masu su suna haɗuwa a wurin ɗaurin aure. Cikin mako guda babu ofishin da zai ba shi kujera. Ni da kaina na zare wayarsa daga rami na goma sha bakwai, na naɗe ta, na rubuta a littafi cewa babu kowa.

Juma'ar da ta biyo baya na dawo daga masallaci, na buɗe shafin bisa sabo. Tudun yana nan a layi na goma sha bakwai, daga ɗaya da rabi zuwa biyu da kwata. Na sauka ƙarƙashin matakala na sa yatsa a ramin. Babu waya. Na zare wayar tawa kwamfutar, wadda ke rami na uku, na jira minti goma, na mayar, na hau na duba. Layi na uku bai motsa ba. Na biyar ne ya faɗi. Na gwada da wani, shi ma haka, tsallaken biyu. Sannan ne na ɗauko littafin na'urar na buɗe guntun shafin nan, na karanta shi sau uku da ƙamus a gefe. Abin da ya ce shi ne: manhaja ba ta tambayar suwic da lambar da ke rubuce a jikin rami. Akwai wata lamba ta ciki da na'urar ke raba wa ramukanta duk lokacin da aka kunna ta, kuma irin wannan suwic ba ya riƙe tsohon jerin in an ƙara masa allo. Sabbin ramuka biyun da baƙon Legas ya sa a baya su suka karɓi ɗaya da biyu, kowa ya matsa gaba da biyu. Sunayen da na rubuta kuwa suna nan inda na bar su. Layin da ke ɗauke da sunan Sabi'u ba raminsa yake ƙirgawa ba. Rami na goma sha biyar yake ƙirgawa, kwamfutar ajiya, tana tura kwafinta na Juma'a zuwa Malali kamar yadda aka umarce ta, kamar yadda yake a rubuce da hannuna. Wanda ya fitar da zanen, in ma an fitar, har yau ba a san shi ba.

Abu na farko da na yi bayan na gane shi ne na gyara sunayen. Na zauna na mayar da kowane suna kan layinsa, na duba sau biyu, na rufe kwamfutar, na tafi gida. Ku lura da wannan sosai. Ban hau wurin Darakta ba, alhali yana ofis. Na share alamar kuskuren kafin in gaya wa kowa an yi shi.

Sai a mako na biyu na faɗa wa mahaifiyarku. Ranar Asabar ce da hantsi, tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na yi mata bayanin ramuka da lambobi tun daga farko, ta bar ni har na gama.

"Baban Nafisa, duk wannan lissafin, ma'anarsa yaron nan bai yi ba?"

"Ma'anarsa shaidar da na bayar ba shaida ba ce."

"Ɗan Malam Ɗahirun da nake aika wa koko?"

"Shi."

Ta ajiye faifan.

"In ka faɗa, za su bar ka?"

"Ban sani ba."

"Ka sani mana. Kai da ka san lambar kowace waya a Doka." Ta ɗauki faifan. "Nafisa na da jarrabawa nan da mako uku. Ka bari ta gama, kada a tashe mu tana tsakiyar karatu. Daga nan ka je."

Wannan ita ce kaɗai maganar jira da ta taɓa fita daga bakinta, kuma ta yanka mata wa'adi. Na rubuta haka ne don na taɓa jin Halima tana cewa Umma ce ta so a rufe maganar. Ba haka ba ne. Ranar da Nafisa ta rubuta takardar ƙarshe, mahaifiyarku ta goge mini farar rigata ta rataye a ƙofa. Ni na sa wata rigar na tafi aiki.

Yayana Sale, wanda kuka sani da tuƙin babbar mota, ya zo cin abincin rana wata Lahadi ya ji zancen. Inna, mahaifiyarmu, tana zaune a tabarmarta a bakin ɗaki tana jan carbi, mun ɗauka hankalinta ba ya wurinmu.

"Kai dai Iro ka cika neman wahala," in ji Yaya Sale. "Na'ura ta yi shirme, kai mene ne naka? Turawan da suka ƙera ta su je su ba da haƙuri. In birki ya ƙwace, direba ake ɗaurewa?"

"Shi ake ɗaurewa mana," in ji Inna. "Ko ka manta wa ya kai maka tuwo kwana huɗu a bayan kanta?"

Yaya Sale ya yi dariya har ya ƙware. Inna ba ta yi ba. Ta juyo gare ni.

"Ni ban san waya ba, ban san rami ba. Kai ka ce ya yi?"

"Na ce lamba ta nuna."

"A bakin wa lambar ta yi magana?"

Na sunkuyar da kai.

"To me kake jira? A aiko maka da mota?"

Na ce mata ina neman lokacin da ya dace. Ta ce tun ina yaro nake jera takalman mutane a ƙofar masallaci har a idar da sallah ban shiga ba. Daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba. In na durƙusa gaishe ta da safe, lafiya lau kawai take cewa, ba ta ƙara sa mini albarkar da ta saba.

Hanyata ta zuwa bakin titi ta gaban zauren Malam Ɗahiru take bi. Na canza hanya, na riƙa zagayawa ta bayan layi. Na ji a bakin mutane cewa Malam ya daina zama a waje bayan la'asar, wasu iyaye kuma sun janye 'ya'yansu ba su faɗi dalili ba. A mako na biyar ya kwanta rashin lafiya, kwana shida ya rasu. Ba zan ce maganar ce ta kashe shi ba. Tsoho ne, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Na je jana'iza, na tsaya a sahu ɗaya da Sabi'u, mutum uku tsakaninmu. Na ba shi hannu na ce Allah ya jiƙan Malam, ya ce amin, ya gode. Bayan wannan ma na ƙara mako biyu. Na nemi dalilin da zan rubuta muku a nan ban samu mai kyau ba. Aikin ina tsoron rasa shi, gaskiya ne, amma abin da ya fi ɗaure mini ƙafa shi ne sunan da na yi na rashin kuskuren lamba. Ba ni da digiri, ba ni da uba a gwamnati. Abu ɗaya aka san ni da shi, kuma shi ake so in je in ajiye a kan tebur da hannuna.

A mako na bakwai Darakta ya sake kirana. Yana cikin fara'a. Ya ce tunda na'urata ta kama ɓarawo ɗaya, yana so in riƙa kawo masa takardar kowane ma'aikaci duk ƙarshen mako, kuma in fara da wata mata mai buga takardu a hawa na biyu da bai yarda da take-takenta ba. Ya faɗi sunanta, ya miƙo mini biro in rubuta. A nan na ga abin zai sake faruwa, kuma da hannuna zai faru.

"Ranka ya daɗe, kafin nan akwai magana."

Na faɗa masa komai a jere: allon da aka ƙara, tsallaken biyu, guntun shafin da ban karanta ba, kwafin Juma'a da ke cikin littafina, ranar da na gane, da gyaran sunayen da na yi a ɓoye. Na buɗe masa littafin na'urar na nuna masa layin. Ya karanta sau ɗaya, shi Turancinsa ba ya buƙatar yatsa.

"Wa ya sani?"

"Ni da mutanen gidana."

"To ya tsaya nan. Ka gyara abinka, an wuce wurin."

"Ba a wuce ba, ranka ya daɗe. Babu mai ɗaukarsa aiki a garin nan. Ina roƙon takarda mai tambarin kamfani da za ta ce ba shi da laifi."

Ya tashi ya tsaya a taga, ya ba ni baya.

"In na rubuta, sai na rubuta inda kuskuren ya fito. In kuma na rubuta haka, ba zan ci gaba da bar maka makullin ɗakin nan ba. Kuskuren zan iya haƙura da shi, Iro, ni ma na yi gaggawa. Amma kusan wata biyu kana shigowa kana gaishe ni kana kallon idona."

"Haka ne."

"Kana son takardar duk da haka?"

"Ina so."

Ya rubuta ta a ranar, ya sa hannu, ya ƙara da cewa ƙofa a buɗe take in Sabi'u yana son dawowa. Ni kuma ya ba ni wa'adin wata guda in miƙa aiki. Na miƙa baƙin littafi ga wanda ya gaje ni, na zaunar da shi na sa ya karanta guntun shafin a gabana da babbar murya. Ko ni ne a kujerar Darakta, abin da zan yi ke nan. Wannan shi ne zaluncin da kuke ba da labari.

Sauran kun san shi. Gidan Unguwar Dosa kamfani ne ya kama mana, don haka muka kwashe kaya cikin ruwan Agusta zuwa ɗaki biyu a Kinkinau. Nafisa ta bar makarantar da take so, ta yi wata uku ba ta yi mini magana sai gaisuwa, kuma ban ga laifinta ba. Mahaifiyarku ta kafa keken ɗinkinta a baranda. Inna ta rabu da maƙwabtanta na shekaru, ta ƙarasa kwananta a unguwar da ba ta san kowa ba, ko sau ɗaya ba ta yi ƙorafi ba. Ni na buɗe ɗan shagon gyara da jan waya da kuka tashi kuka gan ni a ciki. Duk wannan ku kuka biya tare da ni, ba ku ci ba ba ku sha ba, kuma ban taɓa ba ku haƙuri ba. Ina ba ku yanzu.

Abin da ba ku sani ba shi ne ranar da na kai takardar. Washegarin ranar da Darakta ya rubuta ta ne, bayan la'asar. Na sami Sabi'u a zauren mahaifinsa shi kaɗai, yana ɗaure littattafan Malam a cikin gafaka. Hannunsa duk farin siminti, don a lokacin lodi yake yi a shagon kayan gini na wani kawunsa. Na yi sallama, ya shimfiɗa mini buzu. Na miƙa masa takardar. Ya goge hannu a wando kafin ya karɓa, ya karanta har ƙasa, ya koma sama ya sake karantawa. Ba a rubuta ranar da na gane kuskuren a cikinta ba. Da na ce jiya ne, babu mai ƙaryata ni a zauren nan.

"Yaushe ka gane, Malam Iro?"

"Juma'ar da ta biyo bayan tafiyarka."

Na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwa, yana ƙirgawa. Da ya kai inda zai kai sai ya tsaya.

"Ashe ranar jana'iza ka sani."

"Na sani."

Ya ninke takardar gida huɗu a hankali, yana daidaita bakinta.

"Sau biyu Malam ya tambaye ni. Na farko na rantse masa, ya ce ya yarda. Na biyu yana kwance, saura kwana uku. Na sake rantsewa. Ya ce, to Sabi'u, amma fa Malam Iro ne ya duba."

Mun zauna har aka fara kiran magariba. Sannan ya sa takardar a aljihun gaba, ya miƙe, na miƙe.

"Kuskuren na yafe, kowa yana yi. Takardar kuma na gode, na san abin da ta ci maka. Sauran, ka ba ni lokaci."

Bai koma kamfanin ba. Da takardar ya sami aiki a Zariya, ya kwashe iyalinsa, a can ya yi ritaya. Ya zo ta'aziyyar Inna. Ya zo ɗaurin auren Nafisa, shi ne dogon mutumin nan mai farar hula da ya ƙi shigowa cin abinci, kuka yi ta tambayata ko wane ne. Duk sallah ina kiransa, yana ɗauka, mu gaisa, mu tambayi iyali, mu yi sallama. Bai taɓa komawa kan maganar ba, ni ma ban tambaya ba, domin wanda ya sa mutum jira mako bakwai ba shi da bakin da zai ce a yi masa sauri.

Saboda haka daga yau, in za ku ba 'ya'yanku labarin tashinmu daga Unguwar Dosa, ku ba da shi yadda na rubuta, ko ku bar shi. In kun haɗu da 'ya'yan Sabi'u a ko'ina, ku ne za ku fara gaisuwa. In kuma na riga shi tafiya, kada ɗayanku ya je ya roƙe shi a madadina a gaban mutane, inda kunya za ta sa ya faɗi abin da bai kai zuciyarsa ba. Lokaci ya nema. Yana nan da rai a Zariya, ni ma ina nan, kuma bai ce lokacin ya cika ba.